Kangon waƙafi da kuɗin ƙungiya: a raba jari ko a kafa wurin sana'a?

Sakataren Unguwa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, don na san akwai 'yan kasuwa da malamai da masu sana'ar hannu a cikinmu. Ƙungiyar ci gaban unguwarmu, nan ɓangaren Gwale, ta daɗe tana karɓar kuɗin wata-wata, har an tara ɗan abin da ya tasa. Ga kuma wani kango da wani bawan Allah ya bari waƙafi kafin ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya ce a yi abin da zai amfani unguwa da shi. To yanzu kai ya rabu biyu. Wasu sun ce a raba kuɗin ga matasa da zawarawa kowa ya ja jari, kangon kuma a ba mai neman sito haya. Wasu kuma, ina cikinsu, mun ce a rufa kangon, a kafa sola, a yanka shi rumfa-rumfa, teloli da masu takalma da masu ƙanƙara su riƙa aiki a ciki suna biyan ɗan wani abu. Hujjarmu ita ce, kullum kuɗi na shigowa Kano, ga kasuwannin Kwari da Singa da Dawanau da Sabon Gari, amma in ka shigo lungunanmu da hantsi ka ga samari jibge a kan benci, sai ka rantse ba garin ba ne. Kuɗin ratsawa suke yi, ba sa kwana. Me kuka gani?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, ni dai a raba jari. Bakano saye da sayarwa ya iya, da shi aka haife mu. Ka ba yaro kuɗin bandir biyu na yadi, ka haɗa shi da ubangida nagari, in mai zuciya ne bayan shekara kaɗan ba za ka gane shi ba. Da yawanmu a Kwari da ɗaukar dila muka fara.

Baba Na-Sharaɗa:
Ɗana Ɗan Kwari, yadin nan da za a ba yaron, a ina aka saƙa shi?

Ɗan Kwari:
Baba ai ka san amsar. Kwantena ce ke kawo shi daga Sin. Har atamfar da ake buga mata suna irin namu, yawancinta daga can take.

Baba Na-Sharaɗa:
To shi ne maganar Sakatare. Ni na yi aiki a masaƙa, tun ƙuruciya har aka sallame mu. Ku yaran yanzu ba ku ga Sharaɗa da Bompai da Challawa suna raye ba. In masu aikin dare suka tashi, na safe suna shiga, kekuna ne birjik har ba ka samun wurin taka ƙafa. A bakin ƙofar kamfaninmu kaɗai akwai mai shayi, mai waina, mai facin keke, mai wankin hula, da wata tsohuwa mai fura da take rubuta bashinmu da gawayi a jikin bango, ran albashi ta zo da ɗanta ya karanta mata. Albashin mutum ɗaya gida nawa yake shiga kafin ya ƙare? Auduga daga Funtuwa da Gusau da Malumfashi ake kawo ta, manomi ya ci, mai gurza ya ci, direba ya ci, mu ma mu ci.

Daga 1986 da gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP aka karya darajar naira, kayan gyaran inji suka fi ƙarfin kamfanoni. Wuta ta lalace, aka koma janareta da baƙin mai, ga kayan fasa-ƙwauri na kwararowa ta kan iyaka da arha. Ɗaya bayan ɗaya aka riƙa sa kwaɗo. Abin da ya fi ci mini rai, wasu daga cikin gine-ginen nan yanzu sito ne, kayan da suka kashe su ake jibgewa a ciki. Shi ya sa da na ji an ce a ba da kangonku haya a yi sito, sai gabana ya faɗi.

Malamin Tarihi:
Allah ya ƙara girma Baba. Ina so in ɗan ja mu baya kaɗan da zamanin kamfanoni, don akwai abin da ya shafi tambayar Sakatare kai tsaye. Lokacin da Bajamushen nan Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufafin da ake yi a nan, ana kai su har Tumbutu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Kuma babu kamfani ko ɗaya. A cikin gidaje da zauruka ake yin komai. Mata su yi kaɗi da mazari a tsakar gida, masaƙa su saƙa, a kai karofi a rina da baba, a kai wa mabuga su buge shi har ya riƙa ƙyalli, maɗinki ya ɗinka, fatake su ɗauka. Marinar Ƙofar Mata tun 1498 take, kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Baƙin rawanin da Buzaye ke ji da shi, ƙasar Kura ce cibiyarsa. Riga ɗaya kafin ta bar Kano ta bi ta hannu shida ko bakwai, kowane hannu ya cire rabonsa. Arzikin garin nan a lungu aka gina shi, kasuwa fitar da shi kawai take yi.

Ɗan Adaidaita:
Kai jama'a, an fara. Yanzu sai a kawo mana dalar gyaɗa. Malam, da girmanka, tarihi ba ya biyan balas. Ni yau in ban kai wa mai mashin kuɗinsa ba gobe zai karɓe makulli.

Malamin Tarihi:
Ƙanina, ai ni ba na cikin masu kukan dalar gyaɗa. Buhuna ne aka tara suna jiran jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Legas, tun bayan da dogo ya iso Kano a 1911. Su Alhassan Ɗantata sun yi arziki da ita, manoma sun samu, ba a musu. Amma yawancinta ɗanya take fita, a can Turai ake matse man. Wannan ɗin ne ma farkon ciwon da muke magana a kai.

Maman Sadiq:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Tunda an ambaci zawarawa bari mu ma mu tofa. Rabon jari mun gan shi iri-iri. A tara mata a rana tun safe, a ɗauki hoto, a ba ki keken ɗinki ko injin taliya, ke kuma ba ɗinki kika iya ba, ga yara sun kwana ba su ci ba. Kafin magariba dillali na bakin ƙofa ya saye shi rabin kuɗi. Ni ba na ganin laifin matan. In kuɗi ne a hannu kuwa, rashin lafiya ɗaya ta cinye su.

Ni turaren wuta da humra nake haɗawa, maƙwabciyata zoɓo da kunun aya take yi. Matsalarta ba jari ba ce, ƙanƙara ce. Kullum sai ta aiki yaro ya sayo, ran da gari ya yi zafi kuɗin ƙanƙarar ya ninka, ran da ba ta samu ba kunun ya yi tsami ta zubar. Wata kuma yajin daddawa da garin kunu take yi mai kyau, manyan kantuna sun ce sai da lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, su kuma sai sun zo sun duba wurin da ake haɗa kayan, ɗaki na musamman mai tsafta. Wacce ke haya ɗaki ciki da falo da 'ya'ya biyar ina za ta samo shi? Don haka ina bayan gyaran kango, amma da sharaɗi. A ware mana ɓangarenmu da ƙofarsa daban, don babu mijin da zai bar matarsa ta wuni a tsakiyar samari. In ba haka ba, suna ne na unguwa, amfani na maza.

Kuma ku sani, duk uwar da ta samu inda za ta sari kayanta ga masu kanti, 'yarta ta huta da yawon talla.

Sakataren Unguwa:
Hajiya, wallahi a zamanmu na kwamiti babu wanda ya kawo maganar ƙofa. An rubuta.

Injiniya Mai Sola:
Tunda sana'ata ce bari in faɗi gaskiya, kada a je a kafa abu a zo ana zagin masu sola. Ba kowane inji sola ke ɗauka cikin sauƙi ba. Keken ɗinki na wuta, keken surfani, fanka, fitila, cajin waya, firiza, duk waɗannan lafiya lau. Amma injin niƙa da na walda, lokacin tashinsu suna fizgar wuta ninkin abin da suke ci in suna tafiya, in inbata, wato na'urar da ke juya wutar sola ta zama irin ta gida, ba babba ba ce sai ta yanke ko ta ƙone. Dutsen guga ma mugun ci gare shi, teloli su riƙe na gawayinsu tukuna.

Abu mafi tsada a sola batir ne, ba faranti ba. Dabarar ita ce a tsara aiki ya zama da rana, daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da wutar ke zuwa kai tsaye daga faranti. Firiza ta yi ƙanƙararta da rana, da dare a bar ta a rufe. Da haka batir kaɗan ya isa. Sai dai ku tuna da azumi, lokacin da teloli ke kwana ɗinkin sallah, dole a tanadi abin da zai riƙe su. Da hunturu kuma ƙura na rufe faranti, wuta ta ragu sosai, sai an sa yaro yana gogewa a kai a kai.

Inda irin wannan aiki ke mutuwa wuri ɗaya ne: ran da batir ya gaji babu kuɗin sabo. Don haka tun ranar farko a sa wa kowace rumfa mitarta, kowa ya biya abin da ya sha, a riƙa cire wani kaso ana ajiyewa, kada a taɓa shi ko don gyaran makabarta. Na san wannan maganar za ta yi wa wasu ɗaci.

Mai Walda Kurna:
Injiniya ka cire mu ke nan. Mu da muka fi kowa shan wuya. Tun da aka ƙara kuɗin wutar layin Band A, wato masu samun wuta fiye da kowa, zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, ga man fetur tun cire tallafi a 2023, ƙofar da kake yi da riba yanzu da ƙyar take fitar da kuɗinta. Ƙarshen Oktoban 2024 da Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu, yarana gida na sallame su.

Injiniya Mai Sola:
Ban cire ku ba Yaya, akwai ƙananan injinan walda na zamani da ba su da ci kamar tsofaffin. Amma kuɗin da Sakatare ya kwatanta mini ta waya ba zai ɗauki kowa a tashin farko ba. A fara da masu sauƙi.

Baduku:
Ni abin da ban ji an taɓo ba shi ne, wa zai sayi abin da aka yi? Kowa na maganar wuta. Mu a harkar fata, Kano ce cibiya a duk ƙasar nan, majemu na zamani suna Challawa da Sharaɗa. Fatar jan akuyar Sakkwato da Turawa suka sani da sunan Maroko ta hannun kakanninmu ta riƙa ƙetare Sahara. Yau mai kyaun ciki jirgi ke kwashe ta zuwa Italiya da Sifen, a yi jaka da takalmi, Alhajinmu ya je ya sayo da tsada yana alfahari. Ta shanu kuma mun cinye ta ganda. Mu masu yanka takalmi a Ƙofar Wambai da cikin Dukawa abin da ya rage muke tsinta, sai roba da gam na waje.

Duk da haka muna yi, kuma har Nijar da Chadi da Kamaru ake sarin takalmanmu. Abin da ke kashe mu ƙarasawa ce. Ɗinki da hannu ya yi kyau, amma gefen bai goge ba, ƙasan bai matsu da kyau ba, wata biyu ya ɗage baki. Injin matsa ƙasan takalmi da na goge gefe babu baduku ɗaya da zai iya saye shi kaɗai, amma goma za su iya amfani da guda ɗaya. Wannan shi ne amfanin kangonku a wurina.

Kasuwa kuma tana nan ƙofar gidanku ba ku gani ba. Islamiyya nawa ce a unguwar? Makarantun kuɗi nawa? Kowane zango sai an sayi yunifom da hijabi da sandal da jaka. Ku je ku zauna da masu makarantun, a yi yarjejeniya su riƙa ba telolinku da dukawanku. Ko kwata suka bayar, rumfunan ba za su zauna shiru ba.

Ɗan Kwari:
Nan kam ka yi magana. Amma fa sai farashi ya yi daidai da na kasuwa. Uban yara bakwai ba zai ƙara ko naira ɗari don kishin unguwa ba, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Gaskiya Ɗaci:
Duk kun gama tsare-tsarenku? To ni tambaya ɗaya gare ni. Wa zai riƙe kuɗin? Mu a unguwarmu an yi haka da rijiyar burtsatse. Aka haƙa, aka sa mai karɓar kuɗin 'yan garuwa, shekara ba ta zagayo ba injin ya ƙone, aka ce a kawo kuɗin gyara, sai ga littafi babu ko sisi. Shugaban ƙanin mai unguwa ne, ma'aji surukin liman, wa zai buɗe baki? Tankin na nan har yau, tantabaru ke kwana a kai. Gara a raba kowa ya kama gabansa, ko banza an san wanda ya ci.

Sakataren Unguwa:
Malam, kada ka yi mana kuɗin goro. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Gaskiya Ɗaci:
Ban ce kai ɓarawo ba ne, ban ma san ka ba. Su ma waɗancan mutanen kirki ne, sahun gaba suke sallah. Rance aka fara ɗauka da niyyar mayarwa.

Hajiya Uwar Adashi:
Ku bar shi ya faɗa, gaskiya ce. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ku maza kuna zuba kuɗi ku juya baya, kunya ta hana ku tambaya. Ni na daɗe ina riƙe adashin mata, ban taɓa shiga aji ba sai na allo, amma ranar kwasa kowa tana zaune ake ƙirgawa, kowa ta san ta wa ce gaba. Abin da aka yi a idon mutane ba ya ɓata. Ku buɗe asusu a banki, sai mutum uku sun sa hannu kuɗi zai fita, kada biyu su fito gida ɗaya. A daina karɓar kuɗi a hannu, kowa ya tura. Duk ƙarshen wata a liƙa lissafi a ƙofar masallaci, a kuma turo shi cikin waya. Ku sa mace ɗaya cikin masu sa hannun ku ga aiki.

Alaramma:
Allah ya saka wa Hajiya. Ta fuskar shari'a kuma, ku kiyaye abu biyu kada a cakuɗa su. Kuɗin ƙungiya na masu zubawa ne, in sun yarda a raba, an raba. Kango kuwa waƙafi ne, asalinsa ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado, amfaninsa ake ci bisa sharaɗin wanda ya bayar. Bayar da shi haya halal ne, kafa wurin sana'a ma halal ne, matuƙar amfanin na komawa inda mamacin ya ce. Abin da nake ji muku tsoro shi ne takarda. Sau da yawa da baki ake yin waƙafi, sai wuri ya yi daraja jikoki su taso su ce ba su san zancen ba. Kafin ku sa bulo ɗaya, ku tara magada da shaidu da mai unguwa a rubuta, ku je Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha ku nemi shawararsu.

Ɗan Majalisar Matasa:
Me zai hana a gayyato ɗan majalisarmu ko shugaban ƙaramar hukuma ya ƙarasa aikin? Ai haƙƙinmu ne. Tun watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye.

Baba Na-Sharaɗa:
Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yau ya ba ku buhun siminti, gobe a shafa wa ginin fentin jam'iyya, jibi a ce rumfa sai mai katin jam'iyya, in mulki ya juya waɗanda suka hau su ce na abokan gaba ne. Abin da za ku nema a wurin hukuma shi ne aikinta: ta yashe magudanar ruwa, ta kwashe bola, ta daina turo masu rasit kala-kala kan mai rumfa ɗaya.

Ɗan Kwari:
Maganar magudana ba wasa ba ce. A damunar 2022 ruwa ya shiga Kwari ya lalata dukiyar da sai dai a ce innalillahi, kuma kowa ya san an yi gine-gine a kan hanyar ruwa. A cikin gari ma kududdufan da ke shanye ruwan sama an cike su an yi shaguna. Sakatare, ka duba kangon nan ba a inda ruwa ke taruwa yake ba? A ɗaga daɓen, a ɗora batir a sama.

Ɗan Adaidaita:
Ni fa har yanzu ba a amsa mini ba. Duk wanda aka lissafa mai sana'a ne tun asali. Samarin kan bencin da aka fara magana a kansu fa? Yaro ya ga abokinsa ya samu na'urar POS ko adaidaita yana kirga kuɗi da yamma, ka ce ya zo ya yi shekara uku yana share rumfar tela ana aikensa sayen zare, kuɗin abinci ma sai an ga dama? Ba zai zauna ba. Ni na fara koyon ɗinki, yunwa ce ta kore ni.

Baduku:
Ƙanina gaskiyarka. Da can yaro a gidan ubangidansa yake ci, yanzu ubangidan ma da ƙyar. To a sa shi cikin sharaɗi: duk wanda aka ba rumfa ya ɗauki yara biyu 'yan unguwa, ƙungiya ta rage masa haya, shi kuma ya riƙa ba su na abinci kullum. Kuma a yanka lokaci, ba koyo har abada ba. Sandal ɗin makaranta yaro mai kai wata shida ya isa ya fara yankawa ana biyansa kan kowace ƙafa.

Gaskiya Ɗaci:
A rage haya, a ajiye na batir, a biya mai gadi, a biya mai goge faranti. Ku dai ɗauki biro ku lissafa tukuna. In ya fita, ni zan fara zuba nawa ko da ba unguwarmu ba ce.

Sakataren Unguwa:
Mun gode ƙwarai jama'a. Asabar bayan la'asar kwamiti zai zauna a ƙofar gidan mai unguwa. Injiniya, don Allah ka turo mana ƙiyasi iri biyu, da firiza da kuma babu. Alaramma, babban ɗan marigayin yana Kaduna, za mu neme shi a waya.

Maman Sadiq:
A ƙofar gidan mai unguwa kuma? Mu ta ina za mu zauna a nan? A mayar da shi ajin Islamiyya, kuma a yi shi da safe, la'asar muna kan girki.

Ɗan Kwari:
Ni dai har yanzu ina ganin a bar ko kashi ɗaya cikin huɗu a ba masu ƙaramin jari rance, kada a zuba komai a gini. Amma in maganar yunifom ta tabbata, zan ba telolin yadi bashi a kan sari, su biya in makaranta ta biya. Sai dai ba da baki ba, Hajiya Uwar Adashi ce za ta tsaya musu.

Hajiya Uwar Adashi:
Sai na ga fuskokinsu tukuna, Alhaji. Akwai telan da tun ƙaramar sallah atamfata ke wurinsa.